Tashar Ilimi a Hannun Mai Talla

A shekarar 1974 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta harba wani tauraron ɗan adam mai suna ATS-6. Cikin ayyukan farko da aka ɗora masa har da kai darasi ga malaman makaranta a Appalachia, yankin tsaunuka da ramukan kwal wanda talauci ya daɗe da yi wa katutu. Malaman da suke nesa da jami'a sukan taru a ɗaki guda, su fuskanci akwatin talabijin, a koya musu dabarun koyar da karatu. Da wannan tauraron ne Indiya ta yi nata gwajin a 1975, ta kai shirye-shiryen noma da kiwon lafiya ƙauyuka kimanin 2,400. Aikin na Appalachia shi ne ya girma ya zama The Learning Channel a 1980, wato tashar koyo. Kamfanin Discovery ya saye ta a 1991, kuma kafin shekarun 1990 su ƙare an gutsure sunan ya koma TLC, haruffa uku da ba su ɗaukar wa kowa alkawarin komai. Wanda ya kamo tashar a yau zai tarar da shirin mutanen da ƙiba ta hana tashi daga gado, da na waɗanda suka jarabtu da cin sabulu ko toka, da na Amurkawa masu neman aure a ƙetare, wanda har wani mawaƙi ɗan arewacin Najeriya ya fito a ciki a 2020. A 2010 ma an buɗe shiri sukutum a kan wani mutum don kawai yana zaune da mace fiye da ɗaya, abin da a Kano ko Maraɗi ba zai sa kowa ya waiwaya ba.

Da TLC kaɗai abin ya shafa, da sai a ce shugabanninta ne suka yi sake. To amma hanyar da ta bi ita History ta bi, ita Discovery da Animal Planet suka bi, ita Bravo ta bi, wadda aka kafa a 1980 don wasan kwaikwayo da fina-finan fasaha, yau kuma an fi saninta da faɗan matan attajirai. Tashoshi daban-daban, masu su daban-daban, amma duk suka gangara rami guda. Bayanin da aka fi ji shi ne wai mutane ne suka lalace, ba sa son ilimi, sai sharholiya. Ni ban gamsu da wannan ba, kuma hujjojin da ke ƙasa ba su goyi bayansa ba. Abin da ya sauya shi ne wanda yake biyan kuɗin shirin. Muddin mai talla ne ke ciyar da tasha, shi ne abokin cinikinta na gaskiya, ɗan kallo kuwa shi ne hajar da ake sayar masa, kai da kai. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma askin da mai talla yake so shi ne a tara masa idanu masu yawa a kan kuɗi kaɗan.

Yana da kyau a ga yadda lissafin yake tafiya, domin babu wani mugu guda da ya zauna ya ƙulla wannan. Tashar kebul a Amurka tana samun kuɗi ta hanya biyu: ɗan abin da kamfanin rarraba tashoshi ke ba ta a kan kowane gida da ya yi rajista, da kuma kuɗin talla. A farkon zamanin kebul, hanya ta farko ce ta raya tashoshin ilimi. Kamfanin rarrabawa yana son ya nuna wa magidanci cewa a cikin kunshinsa akwai wasanni, akwai labarai, akwai kuma abin da zai amfani 'ya'yansa, don haka yakan ɗauki tashar kimiyya ko da masu kallonta ba su taka kara sun karya ba. A wannan yanayin ne John Hendricks ya kafa Discovery a 1985. Sai dai da tashoshin suka shiga kusan kowane gida mai kebul, wajen gida miliyan 100 a ƙololuwar harkar, ƙofar ƙarin kuɗi ta wannan ɓangaren ta tsuke. Masu hannun jari kuwa ba sa jin wannan uzuri, duk wata uku suna son ganin riba ta ɗaga. Saura talla, ita kuma farashinta yana bin ƙididdigar 'yan kallo da kamfanin Nielsen ke fitarwa, musamman 'yan shekara 18 zuwa 49, waɗanda ake ganin su ne masu sayayya. Dattijon da ke son tarihin Daular Rum da yaron da ke son sanin yadda dutse ke aman wuta duk suna wajen wannan ma'auni. A ɗaya hannun, shirin bincike na ƙwarai yana cin watanni a daji ko a ɗakin adana takardu, da masana, da tantance kowace magana. Shirin bin wani iyali da kyamara ba ya buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma ana iya jera shi awa shida a rana ba tare da an ƙara kashe sisi ba. Duk manajan da aka ajiye wa waɗannan alƙaluma biyu a tebur ya san wanda zai ɗauka in yana son ya kwana a kujerarsa.

Tashar History ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 1995, kuma a shekarunta na farko har tsokanarta ake yi da cewa ba ta da aiki sai Hitler da Yaƙin Duniya na Biyu. Ko ba komai dai tarihi ne. Daga 2007 ta karkata ga direbobin manyan motoci a kan ƙanƙara, da masu saran itace, da wani shagon jingina a Las Vegas. Waɗannan ba su dame ni sosai ba, nishaɗi ne, kuma ba su yi wa kowa ƙarya ba. Inda gizo ke saƙa shi ne shirin Ancient Aliens, wanda ya fara a matsayin shiri na musamman a 2009 ya kuma zarce kashi 200. Maganarsa guda ce yake ta juyawa: manyan gine-ginen mutanen da, irin dalolin Giza na Masar, sun fi ƙarfin hankalin waɗanda suka zauna a wurin, saboda haka wataƙila wasu halittu ne daga sararin samaniya suka zo suka gina ko suka koyar. Alhali a 1990 an gano kaburburan ma'aikatan da suka yi aikin a gefen dalolin, an tono gidajen burodinsu da ƙasusuwan shanun da aka yanka musu. A 2013 masu tonon tarihi ƙarƙashin Bafaranshe Pierre Tallet sun samo takardu a Wadi al-Jarf, bakin Bahar Maliya, waɗanda wani jami'i mai suna Merer ya rubuta a zamanin Fir'auna Khufu, yana lissafa yadda tawagarsa ke ɗauko duwatsu daga Tura a jirgin ruwa zuwa Giza. Wannan labari ya fi na baƙin sama daɗi nesa ba kusa ba, ga shi kuma gaskiya ne. Amma ana ba da shi sau ɗaya ya ƙare, ita kuwa tambayar da ba a nufin amsa ta ana iya jan ta shekara goma sha biyar. Ya kamata ɗan Afirka ya lura cewa gine-ginen da ake yawan ƙwacewa daga hannun masu su a miƙa wa baƙin sama galibi na Afirka ne, da Asiya, da 'yan asalin nahiyar Amurka.

Discovery da ƙanwarta Animal Planet sun wuce nan. A 2012 Animal Planet ta nuna wa Amurkawa wani shiri da aka tsara shi tsaf kamar binciken kimiyya, da mutane masu kama da masana suna magana cikin damuwa, da hotunan waya masu rawa, yana cewa an tsinci gawar 'yar ruwa, rabi mutum rabi kifi, kuma gwamnati na ɓoyewa. 'Yan wasan kwaikwayo ne aka ɗauko. Sanarwar cewa ƙirƙira ce ta wuce a ƙarshe cikin ƙananan haruffa, lokacin da yawancin mutane sun tashi. Tambayoyi suka yi wa hukumar kula da tekuna da yanayi ta Amurka, NOAA, yawa har ta fitar da bayani cewa ba a taɓa samun shaidar irin wannan halitta ba. Maimakon a ji kunya, sai aka yi kashi na biyu a 2013, ya tara 'yan kallo miliyan 3.6, adadin da tashar ba ta taɓa samu ba. A watan Agustan wannan shekarar Discovery ta buɗe makonta na kifin shak da shirin da ke nuna cewa megalodon, wani ƙaton kifi da ya ƙare a duniya tun miliyoyin shekaru, yana nan da rai yana kifar da jiragen ruwa. Shi ma da masanan bogi, shi ma ya kafa tarihi da mutum miliyan 4.8. A 2014 aka yi ta shelar cewa wata ƙatuwar mesa za ta haɗiye mutum da ransa a gaban kyamara, aka kai ƙarshen shirin ba ta haɗiye kowa ba. Sai a farkon 2015 sabon shugaban tashar, Rich Ross, ya fito ya ce an daina irin wannan.

A nan ne nake ganin ɓarnar ta fi girma, kuma a nan ne masu cewa ai nishaɗi ne kawai suke kuskure. Da tashar fina-finan almara ce ta nuna 'yar ruwa, ba wanda zai buga waya ofishin gwamnati. An gaskata ne domin Discovery ce, domin shekara kusan talatin iyaye suna barin 'ya'yansu a gabanta da kwanciyar hankali, malamai suna ɗaukar shirye-shiryenta zuwa aji. Wannan amana dukiya ce da wasu suka tara da aikin ƙwarai, waɗanda suka gaje su kuma suka gane cewa ana iya canza ta zuwa kuɗi. Algus ne irin na kasuwar hatsi: mai kyau a saman buhu, tsakuwa a ƙasa, kuma cinikin yana tafiya ne kawai domin an san sunan mai rumfar. Illar ba ta tsaya ga wanda ya kalla a daren ba. Guntayen shirin sun bazu a intanet babu sanarwar ƙarshen, suna yawo daga waya zuwa waya har ƙasashen da ba a san asalinsu ba. Wanda kuma ya gano an yaudare shi, gobe in masanin gaskiya ya fito a irin wannan tsari yana bayanin allurar rigakafi ko ɗumamar yanayi, da wane ido zai kalle shi?

Mai kare kasuwa zai ce alƙaluman da na kawo da kaina sun kayar da ni: miliyan 4.8 sun zaɓi kifin ƙarya, ba wanda ya ɗaure su. Wannan magana tana da nauyi, amma rabin lissafi ce. Shirin Ken Burns a kan yaƙin basasar Amurka, wanda tashar jama'a ta PBS ta nuna a 1990, tsofaffin hotuna ne da karatun wasiƙu na sama da awa goma sha ɗaya, kuma mutum kusan miliyan 40 suka kalla. A Birtaniya, shirin da ya fi kowane tara 'yan kallo a 2017 shi ne Blue Planet II na David Attenborough, a kan rayuwar cikin teku, da mutum kimanin miliyan 14 a kashin farko. Jama'a ba su ƙi gaskiya ba. Matsalar ita ce tsadarta: Planet Earth na 2006 ya ci wajen fam miliyan 16 da shekaru ana ɗaukarsa. Kasuwar talla tana auna ido nawa aka samu a kan kowace dala da aka kashe, kuma a wannan sikeli ƙarya mai arha za ta rinjayi gaskiya mai tsada ko da masu son gaskiyar sun fi yawa. Akwai kuma abin da sikelin ba ya gani sam. Amfanin yaron da ya koyi karatu yana komawa ga iyayensa, da wanda zai ɗauke shi aiki nan da shekara ashirin, da ƙasar da zai yi zaɓe a cikinta. Babu ko ɗaya daga cikinsu da ke sayen minti ɗaya na talla a daren yau.

Amurka ta ma yi gwajin wannan a kan 'ya'yanta, ta gaba da ta baya. A shekarun 1970, matsin lambar iyaye irin su Peggy Charren da ƙungiyarta ya sa hukumar kula da sadarwa, FCC, ta ja wa tashoshi kunne a kan shirye-shiryen yara da yawan tallar da ake cusa musu. Da Ronald Reagan ya hau mulki ya naɗa Mark Fowler shugaban hukumar a 1981, mutumin da ya kwatanta talabijin da na'urar gasa burodi mai hoto, ma'ana kayan gida ne kamar kowane, babu dalilin yi masa doka ta musamman. Zuwa 1984 an sassauta ƙa'idojin. Abin da ya biyo bayan naɗin Fowler bai ɗauki lokaci ba: tashar CBS ta ture tsohon shirinta na yara, Captain Kangaroo, daga safiyar ranakun mako, sannan allon ya cika da zane-zane irin su He-Man da Transformers, waɗanda kamfanonin kayan wasa suka tsaya wa don a sayar da 'yar tsanarsu. Shirin da kansa ya zama tallar rabin awa. Majalisa ta dawo da doka a 1990, ta taƙaita talla a shirin yara zuwa minti 12 a awa a ranakun mako da minti 10 da rabi a ƙarshen mako, ta kuma wajabta wa tashoshi yin abin da zai ilimantar. Sai wasu tashoshin suka cike takarda suka ce zanen barkwanci na The Jetsons ilimi ne, wai yana koya wa yara yadda rayuwa za ta kasance nan gaba. Sai da aka ƙara ɗaure dokar a 1996 aka ce awa uku a mako, aka kuma fayyace abin da ake nufi da ilimi.

Wani zai tambaya ko ma talabijin yana koyar da wani abu tun asali, ko dai kewar zamanin da ce kawai ke damun mu. Shirin yara na Sesame Street ya amsa wannan. An fara shi a Nuwamban 1969 da kuɗin gidauniyoyin Carnegie da Ford da na gwamnatin tarayya, kuma Joan Ganz Cooney da abokan aikinta sun yi abin da ba a saba ba: kafin a watsa wani yanki sai an gwada shi a gaban yara, a ga inda hankalinsu ya tafi, a auna abin da suka riƙe. Bayan shekaru da dama masana tattalin arziki biyu, Melissa Kearney da Phillip Levine, suka yi amfani da wata dama da tarihi ya bayar. A wancan lokacin wasu garuruwa suna kama tashar da kyau, wasu kuwa ba sa kamawa saboda irin zangon da take watsawa a kai. Da suka kwatanta, sai suka ga yaran garuruwan da ke kama shirin sun fi kasancewa a ajin da ya dace da shekarunsu, kuma tasirin ya fi bayyana ga yara maza, da baƙaƙen fata, da 'ya'yan yankunan talakawa. Wato ya fi amfanar waɗanda mai talla ya fi rainawa. Duk da haka shirin bai tsira ba. Ya daɗe yana rayuwa da cinikin faya-fayai da kayan wasa, da wannan ciniki ya karye sai ya ƙulla yarjejeniya da HBO a 2015, tashar da sai mai biyan kuɗin wata ke gani. Sababbin shirye-shirye suka koma fara zuwa gidan masu hali, ɗan talaka ya jira wata tara kafin su iso PBS, aka kuma rage tsawonsu daga awa guda zuwa rabi. A ƙarshen 2024 kamfanin Warner Bros. Discovery, mai HBO a lokacin, wanda haɗewar 2022 ta bar shi da bashin kimanin dala biliyan 50, ya ce ba zai sabunta yarjejeniyar ba. Netflix ta ɗauka a 2025, da sharaɗin PBS za ta riƙa nunawa rana guda da ita. An samu sauƙi, amma shirin da aka ƙirƙira don yaron da ba shi da gata yanzu yana jiran abin da kamfani na gaba zai yanke.

Hujjar da ta fi ƙarfi a kan duk abin da na faɗa ita ce intanet. Gaskiya ne ba a taɓa samun zamanin da darasi mai kyau ya yawaita kyauta kamar yanzu ba, kuma mai waya da data zai iya koyon lissafi ko gyaran inji daga gadonsa. Amma a duba su wa ke ciyar da mafi ingancinsu. Khan Academy ba kamfanin riba ba ne, da tallafin gidauniyar Gates da na Google ya miƙe a 2010. Wikipedia ba ta ɗaukar talla. Da yawa daga cikin masu koyarwa na ƙwarai a YouTube suna roƙon gudummawar wata-wata daga masu bibiyarsu domin kuɗin talla ba ya riƙe su. Inda aka bar talla ita kaɗai, labarin kebul ne ya maimaita kansa, da sauri ma fiye da da. Tun 2012 YouTube ta mayar da tsawon lokacin da mutum ya ɓata yana kallo babban ma'aunin abin da za ta tura wa jama'a. A 2017 aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan dubban bidiyoyi marasa kan gado, wasu ma masu ban tsoro, da aka shirya da fuskokin zanen yara don kawai su ja dannawa. A 2019 kamfanin ya biya tarar dala miliyan 170 saboda tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. Ban da haka, intanet tana ba ka abin da ka san sunansa ka nema, ko abin da lissafinta ya ga zai riƙe ka. Tsohuwar tashar ilimi tana da wata fa'ida da ba a cika ambata ba: yaro yakan faɗa cikin shirin taurari ko na tururuwa ba da niyya ba, domin shi ake yi a lokacin. Mai koyarwa da Hausa kuma nasa ya fi wuya, tunda abin da masu talla ke biya a kan ɗan kallo daga Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar na ɗan kallo daga Amurka ba. Dole ya tara jama'a ninki-ba-ninki kafin ya ga abin sayen data, kuma kowa ya san irin bidiyon da ke tara jama'a da sauri.

Saura tsoron gwamnati, kuma mai karatu a Najeriya yana da dalilin jin sa fiye da Ba'amurke. Mun san gidajen rediyon jiha da labaransu ke farawa da gwamna su ƙare da matar gwamna. In aka ce a ƙwace shirin ilimi daga hannun mai talla a miƙa wa mai mulki, ai an gudu ba a tsira ba. Amsar ita ce akwai tazara tsakanin kuɗin jama'a da aljihun mai mulki, kuma ƙasashen da suka yi nasara gina wannan tazara suka yi. BBC tana rayuwa da kuɗin lasisi da gidaje ke biya, wanda ya kai fam 174.50 a shekara a Afrilun 2025. A Jamus kowane gida yana biyan yuro 18.36 a wata. Amurka ta kafa hukumar CPB a 1967 zamanin Lyndon Johnson don ta tsaya tsakanin majalisa da tashoshi, daga baya aka riƙa ware mata kuɗi shekara biyu gaba don kada fushin 'yan siyasa na yau ya taɓa shirin gobe. Abin da ta riƙa samu bai wuce dala miliyan 535 a shekara ba, ƙasa da dala biyu a kan kowane ɗan ƙasa. Ko wannan katanga ba ta hana ba: a Yulin 2025 majalisa ta janye dala biliyan 1.1 da aka riga aka ware, hukumar ta sanar da cewa za ta rufe, kuma ƙananan tashoshin karkara da na 'yan asalin ƙasar, irin na Alaska, su suka fi jin jiki. Don haka ba na cewa kuɗin jama'a ba shi da haɗari. Bambancin shi ne katsalandan na mai mulki yakan taru a kan labarai da siyasa, ana ganin sa, ana iya yi masa ihu. Gwamna bai cika damuwa da yadda ake koyar da jadawalin sau ba. Matsin mai talla kuwa yana kan kowace awa ta yini, ba ya ba da umarni balle a kama shi, shirin da bai kawo kuɗi ba kawai ake matsarwa zuwa ƙarfe biyun dare har ya mutu.

Mu ma mun bi wannan hanya, ko da yake ba mu cika ba ta suna ba. Lokacin da gwamnatin Obafemi Awolowo ta buɗe tashar talabijin ta WNTV a Ibadan a 1959, hujjar da aka bayar ta kashe kuɗin ita ce koyarwa. A Arewa rediyo ya yi aikin yaƙi da jahilci da na malamin gona shekara da shekaru, kuma hukumar ilimin makiyaya da ke Kaduna ta kai darasi ruga ta shirin Don Makiyaya a Ruga. Sai zamanin tsuke bakin aljihu na Babangida ya zo, dokar 1988 ta sa NTA da Rediyon Tarayya cikin hukumomin da za su nemi wani ɓangare na kuɗinsu da kansu, dokar 1992 kuma ta buɗe ƙofa ga tashoshi masu zaman kansu. Buɗewar ta yi rana, domin ta karya babakeren gwamnati, ta ba talaka wurin kai kuka. Amma tashar da ke sayen dizal kullum tana sayar da lokacinta ne ga mai kuɗi a hannu, kuma masu kuɗi a hannu su ne ɗan siyasa da sojojin bakansa, da mai maganin da ke warkar da basir da sanyi da ciwon suga a kwalba guda. Malamin kimiyya ba shi da abin sayen minti goma sha biyar. Shekarar 2020 ta nuna cewa iyawa ba ta ɓace ba: da korona ta rufe makarantu, jihohi da dama sun mayar da darussa rediyo da talabijin cikin 'yan makonni. Da aka buɗe makarantun, yawancin darussan suka ɓace, alhali yara fiye da miliyan 10 da ba su da ajin komawa suna nan inda suke, akasarinsu a Arewa, kusa da rediyo.

Kuɗin gyara wannan ba sai an ƙirƙiro sabon haraji ba. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don ilimin matakin farko, kuma shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance saboda jihohi sun kasa kawo nasu kason. Asusun TETFund na manyan makarantu na samun kuɗi daga harajin da ake ɗora wa ribar kamfanoni. Tsarin mulkin 1999 ma ya ba ƙananan hukumomi ikon karɓar kuɗin lasisin rediyo da talabijin, kuɗin da ba ya komawa ga shirya ko da shiri guda. Ɗan ƙaramin yanki daga irin waɗannan, a asusun da ba gwamna ko minista ke raba shi ba, zai iya ɗaukar nauyin shirye-shiryen karatu da lissafi da kimiyya da Hausa, Fulfulde da Kanuri. Kowace tasha, ta gwamnati ko ta 'yan kasuwa, ta shiga takara, a gwada shirin a gaban yara kafin a biya, wanda bai koyar ba a tsayar da shi. Hukumar NBC kuma, da take ba da lasisin amfani da zangon da mallakar jama'a ne, tana da hurumin sharɗanta awannin ilimi a lokacin da yara ke farke, da tilasta bayyana duk shirin da aka saya ko aka ƙirƙira, a farkonsa, da baki, ba a ƙarshe cikin ƙananan haruffa ba. Sai dai a rubuta ma'anar shirin ilimi dalla-dalla tun ranar farko, da wanda zai tantance, da hukuncin wanda ya yi ha'inci. In ba haka ba, mai maganin basir zai cike fom ya ce shirin kiwon lafiya yake gabatarwa, tashar kuma ta ƙirga masa awarsa cikin na ilimi.